Itatuwan gonar Baffa daga sama

A watan Fabrairun bara na tafi gida da kwamfuta a jaka, da wani aiki da na yi mako biyu ina haɗawa a Kano. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Daura, ta wajen Zango, inda mutum kan yi sallar asuba a Najeriya ya ci kasuwa a Nijar kafin azahar. Abin da na kai hoton garin ne da gonakin da suka kewaye shi, yadda tauraron ɗan'adam ya ɗauko su daga sama. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a zaure na buɗe wa Baffa, ƙanin mahaifina, wanda gonakin gidanmu suke hannunsa tun rasuwar Baba.

Ya jima yana kallo bai ce uffan ba. Sai da na nuna masa rufin masallacin Juma'a da hanyar da ta fita gabas, sannan idonsa ya zauna a kan abin. Daga nan bai ƙara neman taimakona ba. Ya ɗora yatsa ya bi burtali, ya wuce rijiyar makiyaya, ya tsaya a kan wani baƙin ɗigo.

"Tsamiyar bakin burtali ke nan. Wannan kukar gonar liman ce. Waɗannan ukun da suka jeru gawo ne, na gonarmu ta tudu, na tsakiyan shi ne ubanka ya hana a sare."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu da na masu gonakin. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"To ita na'urar taka, ta san wanne ne wanne?"

Na ce, "A'a Baffa, ita dai ta ga akwai itace a wurin."

Sai na buɗe abin da na fi ɗokin nuna masa, wani zane na yadda koren ƙasarmu ya sauya daga 1984 zuwa yau, wanda na fitar daga tsofaffin hotunan Landsat, taurarin ɗan'adam na Amurka masu ɗaukar hoton ƙasa. Layin ya faro daga ƙasa a shekarun fari, yana hawa yana sauka, amma a jimlace sama ya nufa. Na ce masa bisa wannan lissafin ƙasarmu ta fi kore yanzu a kan lokacin da aka haife ni.

Ya ce, "Kore kam akwai shi, ɗana. Darbejiya ce. Ka tambayar min ita ina ɗorawowin fadamar arewa, ina kanyar da kuke jifa kuna yara, ina ɗinya, ina marke. In ta ba ka amsa ka zo ka gaya min."

Kwana uku na yi niyyar yi a gida. Wannan tambayar ce ta mayar da su tara, kuma har yau a kanta nake aiki.

Labarin ƙasa na karanta a jami'a, abincina kuwa zanen taswira ne: iyakokin gonaki, hanyoyi, wuraren da aka haƙa burtsatse. Hoton tauraro abokin aikina ne na kullum, ina kuma ganin girmansa. Yadda yake gane tsiro abu ne mai sauƙin fahimta. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, domin da shi yake haɗa abincinsa, sai ya mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani, wanda ake kira infared. Yashi da busasshiyar ƙasa suna mayar da duka biyun kusan kai ɗaya. Kyamarar tauraron tana auna kowanne, a ɗebe jan daga infared ɗin a raba da jimillarsu, sai a sami lamba tsakanin -1 da 1. Masana suna ce mata NDVI, ni kuwa ma'aunin kore nake kiranta. Fako da jigawa suna can ƙasa kusa da sifili, lambu mai duhuwa ya haura 0.6.

Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Wanda aka harba a 1984, shekarar da fari ya tagayyara mutanenmu, yana ganin ƙasa a ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo fili ne mai mita 30 a tsaye, 30 a kwance, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16. Da can sayen hotunan ake yi da tsada, sai a 2008 aka sake su kyauta. A 2015 Tarayyar Turai ta fara harba Sentinel-2, mai ɗigon mita 10, wanda yanzu yake kewayo mu duk bayan kwana 5, shi ma kyauta. Najeriya ma ta harba nata, NigeriaSat-1, tun 2003. Yau ɗalibi da ke zaune a Katsina, in yana da data da tsohuwar kwamfuta da manhajar QGIS wadda ba a biyan ko sisi a kanta, zai iya ganin abin da sai gwamnatoci da masu kuɗi ke gani shekara talatin da suka wuce.

Sai dai a lura da girman ɗigon nan. Hekta guda ɗigo 11 ne kacal a Landsat. A cikin ɗigo ɗaya ga gawo, ga kurmin sabara, ga karan gero, ga turɓaya, ga akuya tana kiwo, duk an dama su wuri guda kamar fura, an ba ka lamba ɗaya. Lambar za ta gaya maka yawan ɗanyen ganyen da ke wurin. Ganyen ɗorawa da na darbejiya da na tumfafiya duk ɗaya ne a wurinta.

Ba na so a ɗauka raina hoton nake yi, domin shi ne ya tona ɗaya daga cikin labaran da suka fi faranta min rai a wannan yanki namu. Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta yanke hukunci cewa hamada tana tafe kudu tana cinye mu, manomi kuma shi ne mai laifi. Sai a farkon shekarun 2000 wani masanin taswira na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana 'yan Nijar, suka jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da sababbin hotunan tauraro na jihohin Maraɗi da Damagaram. Gonakin da suke fayau a tsohon hoto sun cika da itatuwa a sabon. Lissafinsu ya kai wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina ƙone kututture lokacin sharar gona, suna zaɓar tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa dabarar a Maraɗi tun 1983, a can kuma sassaben zamani suke ce mata. A ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya, nan ƙetaren iyakarmu, gawo ne ya mamaye gonaki. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram da rani ya ga wannan da idonsa. Tun kafin su ma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya nuna cewa a gonakin da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi cunkoso, manoma suna riƙe da itatuwansu suna tattalinsu.

A 2020 kuma Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagan da abokan aikinsa suka yi abin da ya fi wannan. Suka ɗauki hotuna masu ɗigon rabin mita, shi da kansa ya zagaye itatuwa kusan 90,000 da hannu don ya koya wa kwamfuta kamannin itace, sannan suka sake ta a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 a yammacin Sahara da Sahel. Ta ƙirgo itatuwa biliyan 1.8, kowanne da faɗin inuwarsa. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa busassun ƙasashen kudu da Sahara, daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka sami biliyan 9.9. Itatuwan gonar Baffa suna cikin wannan lissafin, amma babu ɗaya da aka rubuta sunansa.

Da na koma na bincika, sai na tarar tambayar Baffa ta riga ta dami wasu. Shi Tappan ɗin, tare da Stefanie Herrmann, sun wallafa wani bincike a 2013 a kan tsakiyar Sanagal, inda tauraro ya nuna kore ya ƙaru, amma da suka sauka ƙasa suka tarar ire-iren itatuwan sun ragu, manya sun tafi, ƙananan sarƙaƙiya masu jure fari sun maye gurbinsu. Kafin su Patrick Gonzalez ya yi irin wannan a arewa maso yammacin Sanagal, ya gano cewa a fili mai murabba'in kilomita 4, ire-iren itatuwa sun sauko daga 64 a wajen 1945 zuwa 43 a 1993. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya samo lambar 1945. Babu tauraro a lokacin. Dattawan ƙauyuka ya bi yana tambaya.

Washegarin daren da Baffa ya yi min tambayar nan, da hantsi muka fita, ni da Baffa da ɗansa, ƙanina, wanda ya gama sakandare yana zaune. Kayan aikinmu waya ce mai GPS, da fam da na ɗora a manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, wanda ke aiki ko babu sabis, da awon tela da na aro wurin mai ɗinki. Duk itacen da muka isa, ƙanina ya zagaya gindinsa da awon daidai ƙirji, ni in ɗauki hoto in danna wurin a waya, Baffa ya faɗi sunansa da amfaninsa da abin da ya sani na shekarunsa. Ya ƙi hawa babur. Ya ce wanda ke kan babur manya kaɗai yake gani.

Da ƙafar kuwa na ga abubuwan da shekara da shekaru ina kallon garinmu a kwamfuta ban gani ba. Kukar gonar liman, wadda a hoto take ƙaramin ɗigo har na ɗauka matashiya ce, mutum huɗu ba za su rungume ta ba, awon telan ma sai da muka yi ta sa alama da gawayi muna ƙarawa. Kanta ne ƙarami, saboda duk kaka ana hawa a datse rassan a shanya ganyen don miya, sai ta zama ƙaton gangar jiki da 'yan dungulmin hannuwa. Gawon da makiyaya suka sassaƙe wa dabbobi shi ma haka yake, rabinsa ne ke fita a hoto. A gindin na tsakiyan nan da Baba ya hana a sare muka tarar da tumaki sun yi cincirindo suna tsintar 'ya'yansa da iska ta kakkaɓo, ƙasar wurin ta yi baƙi da kashinsu da ruɓaɓɓen ganye. Baffa ya damƙo ta ya murza a tafin hannunsa, ya ce in je can tsakiyar gona in damƙo in kwatanta. Ta can fara ce sol, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Ya ce geron gindin gawo ya fi mutum tsawo lokacin da na fili yake iya kafaɗa.

Gawo shi ne itacen da ya fi sauƙin kamawa daga sama, saboda halinsa ya saɓa wa na sauran. Da damina, lokacin da kowa ke tofo, shi zubar da ganyensa yake yi ya tsaya tsirara, shi ya sa ba ya danne shuka. Da kaka kuma, sa'ad da kowa ke bushewa, sai ya yi kore shar har ƙarshen rani. In ka jera hotunan shekara guda wata bayan wata, kowane irin itace yana da nasa takun. Kuka tana tuɓewa da rani ta tofo gab da faɗuwar ruwa. Darbejiya da mangwaro kusan kullum a rufe suke. Sabara da kalgo suna riƙe ganye har rani ya yi nisa. Da wannan takun ake koya wa kwamfuta ta bambanta su, in an ba ta isassun misalai daga ƙasa waɗanda aka tabbatar da sunayensu.

A faɗa abin yana da daɗi, a aikace akwai wahala. Da damina gajimare ke rufe mu, wani lokacin a shafe Agusta ba a sami hoto mai kyau ko ɗaya ba. Ko an samu, geron da ke ƙarƙashin tsirarar gawon ya yi kore, sai ya cike gurbin ganyen da ya zube. Da hunturu hazo ke dusashe launi. GPS na waya kuma yakan kauce da mita uku zuwa biyar, inda itatuwa biyu suke kusa da juna wannan ya isa ya sa ka ɗora sunan wani a kan wani. Ya faru da ni. A taswirar farko da na fitar, layin mangwaron bakin fadama ya fito a matsayin gawo, saboda maki biyu da na danna sun zame sun faɗa kan inuwar maƙwabci. Sai da na zauna na bi makin ɗaya bayan ɗaya ina jan kowanne da hannu zuwa kan itacensa, ina duba hoton da na ɗauka a ƙasa. Lokacin da ya fi yi min amfani wajen raba gawo da darbejiya shi ne farkon damina, gawo ya zubar, gero kuma bai rufe ƙasa ba. Taga ce ƙarama ta 'yan makonni, in gajimare ya rufe ta sai baɗi.

Bayan gyara, taswirar ta ba Baffa gaskiya. Darbejiya ta kewaye gari ta bi hanyoyi ta shiga shingayen gonaki, inda tsuntsaye da jemagu ke yar da ƙwallonta. Ba ni da faɗa da ita. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, ta ba mu inuwa da itacen girki da maganin zazzaɓi a lokacin da wasu suka kasa tsayawa, kuma akuya ba ta cika damunta ba, shi ya sa take rayuwa inda wasu ke mutuwa. Amma ba a yin daddawa da ita. Ɗorawa guda tana ba da kalwa, ta ba yara garin da suke sha, ɓawonta a yi makuba a shafe katanga da daɓe. Aduwa tana ba da 'ya'ya da allon makaranta. Bagaruwa ta majema ce, kirya ta maƙera da masassaƙa turmi, kalgo na igiya, goriba ta masu saƙar tabarma. Kowane itacen da ya ɓace daga gari yana tafiya da wata sana'a ko wata miya, ma'aunin kore kuma bai motsa ba, domin wani ganyen ya tsaya a wurin.

Abin da ya fi tayar min da hankali awon telan ne ya nuna shi. Ɗorawowin da suka rage a fadamar arewa duk manya ne, tsofaffi. Mun same su cikin fure, jajayen tuntaye suna reto a dogayen igiyoyi, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Daga sama inuwarsu faffaɗa ce, duk wanda ya ga hoton zai ce ɗorawa tana nan lafiya a garinmu. Muka zagaya fadamar kaf muna duba ƙasa, ba mu ga matashiya ko ɗaya ba. Haka tsamiya, haka kanyar da ta rage. Baffa ya ce dalilin a fili yake: ana tsinke 'ya'yan tas kafin su faɗi, wanda ya tsira garma ta tumɓuke shi, wanda ya tsere wa garma akuya ta gama da shi da rani. Ya ce duk waɗannan da nake gani ya tarar da su a haka tun yana yaro. Garin da babu yara sai tsofaffi, kowa ya san inda ya nufa. Ko hotunan rabin mita da Brandt ya yi aiki da su, itacen da inuwarsa ba ta kai murabba'in mita 3 ba ba ya shiga lissafi. Ke nan tsarar da za ta gaji waɗannan tsofaffin, ko tana nan ko babu ita, sai an sunkuya ake saninta.

A kwana na biyar Goggo, yayar su Baba, ta aiko a kira ni. Ta ji labarin muna yawon rubuta itatuwa.

"Kai da Baffanka sama kuke kallo. Wa ya rubuta na ƙasa?"

Na ce, "Goggo, ku faɗa min in rubuta."

Tana tsinkar zogale a faifai ta shiga jero su: tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya, rama ta daji, da anza wadda ta ce 'ya'yanta suka jiƙa kwana da kwanaki suna zubar da ruwan ɗacin suka ci a shekarar yunwa. Ta faɗi inda ake samun kowanne da, da inda ake samunsa yanzu in ana samu. Ta ce gamba, wadda ake zana da jinka da ita, da a bayan gari ake yanka, yanzu sai an saya a kasuwa. Makiyayar da ke yamma kuwa wata ciyawa ce ta cinye ta wadda dabba ba ta ci. A hoton Satumba wannan makiyayar tana cikin wuraren da suka fi ko'ina kore a ƙasar garinmu. Da ban zauna gaban Goggo ba, da na rubuta ta a matsayin wurin da ya farfaɗo.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ga rahoton aikin dashen itatuwa da hotuna biyu, na da da na yanzu, ɗaya ja ɗaya kore, an rubuta an yi nasara. Na taɓa zama a wani taro inda aka nuna irin wannan, na ɗaga hannu na tambayi iri nawa ne a filin. Amsar ita ce turare da darbejiya. An yi aiki, ban musa ba, ƙasar ta daina tashi da iska. Amma a kira shi da sunansa, gandun itacen girki ne, kada a ce an dawo da daji.

Inda tauraro ba shi da na biyu shi ne faɗi da tsawon lokaci. Kwana tara muka yi muna yawo, ba mu gama ƙasar ƙauye ɗaya ba. Shi kuwa yana rufe jihar Katsina gaba ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, yana kuma da ajiya ta shekara fiye da 50. Akwai dazuzzuka irin Rugu da rashin tsaro ya hana mai bincike shiga, can hoto ne kaɗai idon da ya rage. Aikin da ya dace shi ne a haɗa biyun: hoto ya nuna inda abu ya sauya da shekarar da ya sauya, ƙafa ta je ta gano mene ne, sannan a mayar wa kwamfuta da sunayen ta nemo irinsu a wuraren da ƙafa ba ta kai ba. Ɓangaren ƙafar ne ya yi mana ƙaranci, alhali shi ne mafi araha. Ƙanina ya koyi cike fam ɗin a wuni ɗaya. Kowane ƙauye yana da irinsa da waya a hannu, yana kuma da irin Baffa da Goggo, waɗanda ba za su dawwama ba.

Maganar sunaye ma aiki ce mai zaman kanta. Itace ɗaya muna ce masa darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina, a Nijar bedi. Wani lokacin kuma suna ɗaya ne a kan itatuwa biyu da masana suka raba. Tun 1916 wani likita ɗan Sukotlan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa su da na kimiyya, har yau kuma masu bincike suna komawa ga aikinsa. A taswirata sunan da Baffa ya faɗa shi ne a gaba, na Latin yana biye. Waɗanda na yi shakka a kansu na yanko reshe da ganye na danne a tsakanin tsofaffin jaridu, don a kwatanta su da na ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a a Zariya.

Abu ɗaya ne na ƙi yi. Abokan aiki sun ce in ɗora makin duka a intanet kowa ya amfana, akwai rumbuna irin GBIF da aka yi domin haka. Zan ɗora mafi yawansu. Amma kiryar da ta rage a ƙasar garinmu ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, gawayinta kuma shi ne mafi tsada. Baffa ya nuna min kututturen wata da aka sare cikin dare shekara biyu da suka wuce, jan cikinta har yanzu da ƙarfi kamar ƙarfe, ya tsaya a kansa ya yi shiru. Taswirar da ke nuna wa mai bincike inda itace yake, ita ce za ta nuna wa mai gatari. Makin kirya da na marke suna cikin kwamfutata, kwafi ɗaya kuma na buga a takarda na kai wa mai gari.

Ranar da zan koma Kano, bayan asuba, Baffa ya ce in zo mu je gonar tudu, akwai wanda ba mu rubuta ba. Muka wuce gawon uku muka nufi kusurwar gabas, inda wani kurmin sabara yake kewaye da ƙayar magarya da aka jibga. Ya sa sanda ya ɗaga ƙayar. A tsakiyar sabarar ga wata 'yar ɗorawa iya gwiwa, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, da 'yan ganyayyakinta masu laushi. Ya ce shekara biyu ke nan yana ɓoyonta. Kalwar daga babbar ɗorawar fadama ya ɗebo, ya jiƙa ta a ruwan zafi ya binne guda bakwai, ita kaɗai ta yi rai. Da rani yakan zo da buta duk bayan kwana uku.

"Wannan ma ka sa ta a na'urar."

Na durƙusa na danna wurin, na jira GPS ɗin ya natsu sosai kafin in adana. A gurbin shekaru na rubuta 2.

A watan jiya ƙanina ya turo min hoto ta WhatsApp. Baffa ne tsaye kusa da ita da awon telan a hannu, ta kawo masa ƙirji, an ƙara mata sabuwar ƙaya domin awaki sun taɓa kutsawa sun ci gefe ɗaya. Na buɗe sabon hoton tauraro na wurin, kurmin sabarar ne kawai ke fita. Na buɗe taswirar na gyara tsayinta, na mayar da shekarun 3.